Kwalayen Mai Lofe

Tanut, 6 ga Afrilu, 2023

Zuwa ga Yayata Halimatu, a Belbeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƴaƴa da jikoki. Ina gajiya, ina zafin bazara? Mu nan sai godiya. Na ba Manzo direba wannan takarda ne don na gaji da ihu a salula kina ce mini "me ka ce?", har maƙwabta sun haddace sirrin gidanmu kaf.

Yaya, albishirinki. Ƴata Raishatu ta kira ni daga Yamai, ta ce mijinta ya dawo daga Faransa kuma ya samo mini kwali na tara. Shi ne na ƙarshe, daga shi babu wani. Ta karanta bayansa, wai a ciki akwai finafinan da Mai Lofe ya ɗauka a ƙasashen rairayi tun yana saurayi, waɗanda ba a taɓa fitarwa ba.

Kullum kina cewa kin manta yadda haukana ya fara, to bari in tuna miki. Ranar da Goggo Fatu za ta cika, kina kan hanya ba ki iso ba. Ta riƙe hannuna ta ce wani daraktan nasara mai shan lofe ya taɓa ɗaukar Innarmu a sinima, a bakin rijiya, tana jan guga, tana ɗauke da cikina. Ni da na yi shekara ashirin ina haska finafinan Kano a gidan kallo, ai ba sai an gaya mini aikin darakta ba. Bayan wata uku na shiga kasuwar Dole a Damagaram, sai ga kwalin faifai wajen masu kayan gwanjo, a bayansa hoton wani Bafaranshe da lofe a baki, yana tsaye bayan kamara cikin rairayi, ga raƙumi a gefensa. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Tun daga nan nake tara kwalayensa, yau shekara tara.

Inna ta rasu ranar da ta haife ni, ko hoton kati ba ta bari ba. Shekarata sittin da uku ban san fuskar da zan sa mata ba in ina yi mata addu'a.

Maganar ido kuwa, lokotoro ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma saura ɗan abin da ba a rasa ba. Hawan jinin ido ne, ba ya komawa baya. Fatana dai kwalin ya riga duhun isowa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Zakiyyu

*

Belbeji, 15 ga Afrilu

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina matarka Asma'u, ina jikin naka? Takardarka ta iso, rubutunka ya zama manya-manya kamar na bangon kanti, layuka suna hawan juna. Wannan ya fi albishirinka tsaya mini a rai.

Ni ba kunne, kai ba ido, mun dace. Amma ni ban je na kara kunnena a bakin injin niƙa don in ƙarasa shi ba. Asma'u ta aiko mini cewa yanzu hancinka har taɓa gilashin tele yake yi. Shekara tara kana kallon nasaru suna yanka burodi suna faɗa da matansu, cikin yaren da ba ka jin ko rabinsa. Ka manta da zuwana na bara? Ka zaunar da ni awa biyu muna kallon wani ƙato ya tsaya a taga yana kallon ruwan sama. Na tambaye ka me ya same shi, ka ce tunani yake yi. To Allah ya ba shi lafiya. A kwali takwas ko akuya ɗaya ta ƙasarmu Damargu ba ka gani ba.

Ka saurare ni, ni ce babba. Ɗan ganin da ya rage maka ba na Mai Lofe ba ne. Ƴata Zuhaira ta sauka, an sami mace, ba ka zo ka gan ta ba. Raishatu da ke wahalar nemo maka kwalaye, yaushe rabon da ka kalli fuskarta da kyau? Ka je Damagaram a sake duba ka, ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, ka zo nan ka yi mana sati biyu. Inna addu'a take bukata, kuma addu'a tana isa ko ba fuska.

Na san ba za ka ji ba, tun kana rarrafe haka kake. In kwalin ya iso ka sanar da ni abin da ke ciki.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka,
Halimatu

*

Tanut, 20 ga Mayu

Yaya Halimatu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya raya jaririya, ya ba mai jego lafiya. Ki gafarce ni ban zo suna ba.

Kwalin ya iso, faifai huɗu ne a ciki. Ranar na yi wanka na sa sabuwar riga, Asma'u tana yi mini dariya wai ko baƙi zan tara. Na ce mata uwata zan gani.

Yaya, babu ita. Akwai rairayi, akwai raƙuma, har rijiya akwai. Amma ga wasu duwatsu baƙaƙe dogaye waɗanda ba mu da irinsu, mutanen kuma wani Larabci suke yi, ba Hausa, ba Buzanci, ba Fillanci. A faifai na uku wata mata tana jan guga, ta ba kamara baya. Na tsayar, na mayar, na sake mayarwa, har na'urar ta yi zafi. Kwana shida ina roƙon matar nan ta juyo. Daga baya na sa aka tura wa Raishatu hoton ƴar takardar da ke cikin kwalin ta karanta, ta ce a wata ƙasa aka ɗauka, can ƙetaren hamada, kuma a duk tarihin mutumin ba a ce ya taɓa taka Nijar ba. Ta ce tun kwali na biyar ta so ta gaya mini, ta kasa.

Abin da ya rage mini ɗaya ne. Na ji Kawu Barmo ya dawo da dabbobinsa kusa da ku. Shi ne autan su Inna, shi kaɗai ya rage a cikinsu. Shekarun baya na tambaye shi ko ya tuna wani Bafaranshe mai shirya fim, ya ce shi bai taɓa ganin mai fim ba, na ɗauka tsufa ne. Ke kin fi ni iya magana da shi. Wataƙila akwai wani fim ɗin da ba a sa a kwalayen ba. Ga maganar Goggo yadda ta fito daga bakinta, ban ƙara ko harafi ba: "Direkta mai lofe ya ɗauki uwarku a sinimarsa." Kin san bakin tsofaffi, darakta take son cewa.

Ki yi sauri don Allah. Yanzu abin da nake gani kamar mai leƙe ta ramin ƙyaure ne, kuma ramin kullum raguwa yake yi.

Na bar ki lafiya.

Zakiyyu

*

Belbeji, 29 ga Mayu

Ƙanena Zakiyyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta wannan, ko ka ba Asma'u ta karanta maka.

Tun da na ga kalmar nan "direkta" a takardarka gabana ya faɗi. Duk da haka na hau amalanke na je mashekarin Kawu, na same shi yana gyaran igiya a gindin aduwa. Muka gaisa, na matso da kunnena mai ɗan dama-dama, na ce, "Kawu, ka tuna wani direkta mai lofe?"

Ya ajiye igiyar ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Direkta? Yo wa zai manta da shi, mutumin da ya kusa tsinke mini kunne? Ai direktanmu ne na lakwal."

Na ce, "Wace lakwal?"

Ya ce, "Makarantar makiyaya mana, wadda ake kafa mana a tanti, in mun tashi ta tashi. Shekara biyu na yi a ciki na gudu. Shi ne babban mushenmu, shugaban malamai. Lofen nan ba ya barin bakinsa, in ka ji warin taba ka san duka ya kusa."

Na ce, "To sinimar fa?"

Ya ce, "Wata ƴar aba ce ba ta fi ƙoƙo ba, yana murɗa ta kamar agogo, ya kara a ido tana ƙara. Ba abin da ya bari, awaki, jakuna, mu kanmu muna layi. Ran nan ya biyo mu rijiya ya sami Yaya, uwarku, tana jan ruwa, cikinta ya tsufa. Ya nuna ta da abar, ta yi dariya ta ce in ya gama wasan ya zo ya kama mata guga."

Na tambaye shi sunan mutumin. Ya ce, "Direkta." Na ce sunansa na yanka. Ya ce, "Wa ya isa ya tambayi nasara sunan yanka a wancan zamanin?" Ya ce shekarar da aka sauke tutar Faransa ya ɗaure kayansa ya tafi da abarsa, kuma tun lokacin kansa fari fat. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ya ɗauka, ko su ɗaliban. Na ce me ya sa bai gaya maka ba da ka tambaye shi. Ya ce, "Shi mai fim ya tambaye ni. Da ya ce direkta ai da na gaya masa."

Ban tsaya nan ba. Na je ofishin masu kula da makarantu, suka karɓe ni da mutunci, suka duba abin da suke da shi. Takardunsu ba su kai can baya ba, lakwal ɗin ma ba wanda ya san a ina ta ƙare.

Zakiyyu, a duk faɗin Damargu in ka ce direkta, ko ɗan shekara shida zai nuna maka shugaban makaranta. Kai kaɗai ne kunnenka ya tafi Kano ya zauna. Na yi niyyar in zage ka tas, na ɗauki biro sai kuka ya zo mini. Laifina ne ni ma. Shekara tara ina yi maka tsiya, ban taɓa cewa ka maimaita mini maganar Goggo yadda ta faɗa ba.

Ka yi haƙuri. Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Yayarka,
Halimatu

*

Tanut, 2 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina ruwa, an yi shuka a wajenku? Kada ki yi mamakin rubutun, hannun Asma'u ne, ni ke faɗa tana rubutawa. Idon hagun ya bi ɗan'uwansa sati uku da suka wuce. Ina gane rana da inuwa, shi ke nan.

Da aka karanta mini takardarki na yi dariya irin ta Kawu, har Asma'u ta tsorata. Bayan nan na yi kwanaki ba na son magana. Malamin makaranta! Ni kuwa na bi wani bawan Allah da bai san da zamana a duniya ba, na san shekarar da ya yi kowane fim, na san lokacin da ya sake matarsa don ta daina fitowa a finafinan. Ba na jin haushinsa, bai yi mini alkawarin komai ba. Kwalayen suna nan a jere bisa kanta. Asma'u ta ce a ba wani, na ce wa zai karɓa a Tanut? Wani lokaci nakan sa ta kunna mini ɗaya in saurari muryoyin, don na saba da su.

Abin da ke cina shi ne jaririyar Zuhaira. Kin ce in zo, ban zo ba.

Yanzu ga roƙona. Ban taɓa tambayarki kamannin Inna ba, don da ina yaro Goggo ba ta son a tayar da maganar, da na girma kuma na ce sai dai in gani da idona. To idon ya tafi. Kina da shekara bakwai ta rasu. Ki zauna ki rubuto mini ita a hankali, goshinta, hancinta, ko tana da wushirya, ko tana da zane a kumatu, yadda idonta yake in tana dariya. Kada ki rage komai. Asma'u za ta riƙa karanta mini har in haddace. A cikin duhun nan wuri ne da ni mai yawa da zan ajiye ta.

Ki gaida Kawu, ki ce na yafe masa dariyar.

Ƙanenki,
Zakiyyu

*

Belbeji, 16 ga Yuli

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. An yi shuka, gero ya tsiro. Sannu da jiki, sannu.

Manzo ya zo sau biyu ya koma hannu wofi. Na rubuta maka mace kyakkyawa mai dogon hanci da wushirya, na karanta, na ga Goggo Fatu ce, na yage. Na koma wajen Kawu, ya ce doguwa ce, tana da faɗa, iyakar abin da ya samu ke nan.

Ina tuna zanenta baƙi mai warin hayaƙi. Ina tuna tafin hannunta a kan wuyana in tana yi mini kitso. In na ɗaga kai in dube ta, babu komai a wurin. Ban san yaushe ta ɓace mini ba, na daɗe da sani dai, kunya ta hana ni faɗa. Duk tsiyar da nake yi maka, duk ranar da aka ce kwali ya iso Tanut ba na iya cin abinci sai na ji abin da ke ciki.

Ba zan ƙirƙiro maka uwa ba, Zakiyyu. Na manta fuskarta.

Ina nan tafe ranar kasuwa da jaririyar, ka taɓa tata fuskar.

Yayarka,
Halimatu