Tsinken Turare Biyu na Gonarka

Zuwa ga ƙanena Genzo,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, daga bakin yayanka Tokuji wanda har yanzu yake numfashi, ko da yake gwiwoyinsa sun daɗe da yin murabus. Ina fata takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka a can Brazil, kai da Luzia da 'ya'ya da jikoki. Kowace safiya idan na ajiye wa Baba da Inna shayi a gaban hotonsu ina ambatonka, ina roƙa maka lafiya da sauƙin numfashi, tunda a katin sabuwar shekara ka ce ƙirji yana damunka. In har yanzu kana shan taba, ka bari haka nan. Mu nan kalau muke. Bishiyar lemon da ke bakin gonarka ta yi 'ya'ya bara har sai da muka tokare mata reshe. Surukata Sumie ce ke riƙe da alƙalami, ka san yadda ni da takarda muke tun da Baba ya cire ni daga makaranta ya ɗora min akwatin turare. Na gargaɗe ta kada ta gyara min ko kalma ɗaya. In ka ga magana ta karkace, daga bakina ta fito a karkace.

Wannan ba irin katin da muka saba ba ne, layi biyu a rufe. Magana ce mai tsawo, kuma ni da nake kawo maka ita ban gama gane ta ba. Rabon ruwan tafki yana nan yadda ka bar shi. Kowace gona da adadin tsinken turarenta. In kafa tsinke a akwatin toka, ruwa ya yi ta shiga gona har ya cinye, in buga ganga, in kira sunan mai gona na gaba, ya amsa, a toshe wa wancan a buɗe wa wannan. Ba a taɓa rubuta shi ba, a kaina yake. To bana sai ga Manabe, shugaban ƙungiyar manoma, ɗan wancan Manabe mai awara da kuka taɓa dambe a kan kifi. Ya rusuna kamar mutumin kirki, ya ce Tokuji-san, shekarunka tamanin da shida, ranar da ka kwanta ruwanmu ma ya kwanta. Wai sun sa ƙofofin ƙarfe masu buɗe kansu a bakin kowace gona, saura manhajar da za a sa a waya ta riƙa gaya musu lokaci. Na ce ita manhajar 'yar wane gida ce, ta taɓa shiga taɓo? Bai yi dariya ba. Ubansa ma haka yake.

Aka kirawo jikata Nagisa daga Osaka, 'yar Sumie, wannan aikin nata ne. Ni a sanina tana zama ne tana rubuta wa kwamfuta umarni cikin wani yare nasu, layi dubu kan dubu, shi ya sa ta sa tabarau tun kafin aure. Ta ce ai Kaka wannan zamanin yana wucewa, yanzu zane ake yi. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma ta nuna min. Akwati ta zana ta ce wannan gona ce. Ta zana wani ta ce wannan mutum ne. Ta ja kibiya tsakaninsu ta ce wannan na nufin nasa ce. Wai in an gama zanen, na'ura ce za ta duba ta gina manhajar da kanta, babu mai sa hannu. Na ce to ke me kika gina? Ta ce ita ta yi tunanin. Na ce maginiya kenan da ba ta taɓa ɗaukar tubali ba. Ta ce ni kuma ni ne na'urar da ta fi kowace tsufa a ƙauyen nan, ga shi ban zo da takardar bayani ba. Ka ji 'yar yau.

Wai nan gaba kowa haka zai yi. Ma'aikaciyar jinya ta zana nata, mai shagon taliya ya zana nasa, ba sai an yi shekaru ana koyon yaren ba, wanda ya san aikin shi zai faɗi yadda yake. Na ce idan kowa ya zama magini, wa za a kama ranar da gini ya rushe? Ta ce mai zane. Na ce amma ni nake gaya miki abin da kike zanawa. Ta ce to kai za a kama, Kaka. Har yanzu ina juya wannan a raina.

Kwana uku ta zaunar da ni tana tambaya. Tsinke ɗaya minti nawa ne? Na ce tsinke ɗaya tsinke ɗaya ne. Ta kunna uku ta auna da agogo, ɗaya talatin da takwas, ɗaya arba'in, ɗaya arba'in da ɗaya. Ta ce wanne ne daidai? Na ce dukansu. Ta dafe goshi ta rubuta arba'in. Na gaya mata gonakin yashi na gangare ana ƙara musu rabin tsinke in iskar kudu ta kwana biyu. Na gaya mata gidan da aka yi rasuwa ba a kiran sunansu har kwana bakwai, maƙwabci ake kira ya amsa musu. Duk ta zana. Zanen ya cika da kibiyoyi kamar komar kamun kifi, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne ina kallonsa ina ganin ƙauyenmu a ciki. Abin da na ɗauka a kaina shekara saba'in, ga shi a shimfiɗe a kan gilashi, bai ma cika shi ba.

Rana ta uku ta danna wani wuri ta ce mu sha shayi kafin na'urar ta gama. Ba ta gama ba. Akwati ɗaya ya yi ja, na'urar ta ƙi gina komai. Nagisa ta ce gonaki arba'in da takwas ne, mutane kuma arba'in da bakwai, akwai gonar da kibiyarta take lilo ba ta kama kowa ba. A zanen an ce mai gona sai mazaunin ƙauye mai waya, don idan layi ya zo wayarsa ce za ta yi ƙara, ya danna ya amsa, ƙofa ta buɗe. Ta ce abu mai sauƙi ne, ko ta goge akwatin, ko ta ja kibiyar zuwa sunana tunda ni nake nomanta. Na ce kada ta taɓa. Ta ce to wanne? Na ce babu ko ɗaya. Ta ce Kaka, na'ura ba ta san babu ko ɗaya ba, abin da ba ya cikin zane babu shi a duniyarta. Na tashi na fita na bar mata shayin.

Gonarka ce, Genzo, mai tsinke biyu, ta gindin lemo. Yanzu dole in faɗi abin da ban taɓa sawa a kati ba. Ka tuna abin da na ce maka ranar da ka ce za ka shiga jirgin ruwa. Na ce in ka tafi sunanka ya fita daga bakina, kuma ban raka ka tashar jirgin ruwa ta Kobe ba. To rabon farko bayan tafiyarka, tsinken gidan Manabe ya cinye, na buga ganga, sai kawai na ji bakina ya kira Genzo. Babu wanda ya amsa. Mutane suka sunkuyar da kai. Na jira kaɗan, na je na buɗe ruwan da hannuna. Tun daga ranar haka nake yi, shekara sittin da biyu. In kira, in jira, in buɗe. Ina nomanta, amma shinkafarta ba ta taɓa shiga tukunyarmu ba, wurin ibada nake kai ta lokacin bikin kaka da sunanka. Nagisa ta ce da tana ƙarama ta ɗauka Genzo sunan bishiyar lemon ne. Sumie ta tsaya tana share hanci, na ce ta ci gaba da rubutu.

Da na dawo na tarar da yarinyar tana zaune inda na bar ta, uwarta ta gaya mata komai. Ba ta tsokane ni ba. Ta ce Kaka, wa ya ce dole mai gona ya zauna a ƙauye? Na ce na'urarki. Ta ce a'a, ita ta zana hakan, don ta zaci haka ne, kuma ni ban musa ba. Ta sa yatsa ta goge ɗan layi ɗaya, ta zana sabon akwati ta rubuta sunanka, ta ja kibiyar ta manna masa. Jan ya ɓace. Kafin ruwan shayi ya sake tafasa wai an gina komai daga farko. Ni nan ne kaina ya ƙara kullewa. Abin da na kasa gyarawa shekara sittin da biyu, an gyara shi da ɗan yatsa? Ta ce ba a gyara ba tukuna, akwatin fanko ne, sai an sa lambar wayarka, sai kuma ka amsa.

A taron ƙungiya Manabe ya ce ba za a tsayar da ruwan mutum arba'in da bakwai ana jiran wanda yake bayan duniya ba. Na ce ubanka ya jira shi shekara talatin bai mutu da ƙishi ba. Aka yi ta hayaniya. A ƙarshe ga abin da aka tsayar. Ranar sha biyar ga Yuni za a cire toshiyar tafki, layin gonarka zai zo kwana uku bayan nan, ƙarfe shida na safe. In ka amsa, gonar tana nan da sunanka da tsinkenta biyu, ni kuma in miƙa musu ganga da akwatin toka ba gardama. In ba ka amsa ba, za a cire ta daga rabo. Ba wanda zai buɗe da hannu kuma, ƙofar ƙarfe ba ta jin muryata, na gwada. Na'urar minti goma take jira, na ce tsoho ne mai ciwon ƙirji, sai da na sa Nagisa ta mai da shi tsinke guda cur. Wai a wurinku lokacin ƙarfe shida na yamman jiya ne. Wato za ka amsa jiya kiran da zan yi yau. Sau uku ta bayyana min, na ce ta bar shi haka.

Ban sani ba ko kana son gonar. Ban taɓa tambayarka ba, ruwa kawai nake buɗewa, sai da zane ya zo ya tambaye ni. Ban kuma sani ba ko kiran da waya ta yi kira ne. Nagisa ta ce ni na faɗa, ita ta zana, na'ura ta gina, don haka nawa ne. To, na karɓa a haka. Ka sa ɗanka Akio ya aiko wa Sumie lambarka, adireshinta na waya yana bayan takardar nan, Nagisa za ta nuna masa inda ake dannawa. In kuma ba ka so, ka faɗa da bakinka, zan bari a goge akwatin, ni ma in koyi yin shiru bayan gidan Manabe. Abin da ba zan iya ba shi ne in sake tsayawa a gaban mutane ina jira.

Ka gai da Luzia da kyau, ka ce mata na gode da riƙon da ta yi maka. Ka gai da Akio da Regina da yaransu duka, har waɗanda ban iya faɗin sunayensu ba. Sumie tana gaisuwa, Nagisa ma, ta ce tana so ta ji muryar bishiyar lemo. Ranar zan je bakin gonar da tsinke ɗaya da gangata, ko Manabe ya so ko bai so ba. Ka ajiye wayar kusa da kai.

Yayanka,
Tokuji