Mara Lafiya Na Goma Sha Bakwai

Arkilla, Sakkwato
Lahadi, 5 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Zayyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da aikin jami'a. Mu nan sai godiyar Allah.

"Yaya, ki ba ni wata uku, sakamako zai iso hannun likitansa." Haka ka ce a tsakar gidana, ranar da ka ɗebi jinin mijina, Baban Lubna, kwalba huɗu ka sa cikin ƙanƙara. Yau wata goma sha tara ke nan.

Ka fi ni sanin ciwon mijina. Sankarar jini ce mai cin mutum a hankali, kuma ƙwayar da ta riƙe shi shekara shida ta daina aiki. Likita ya ce akwai magunguna biyu da za a iya komawa gare su, amma ba ya canki-canki da ran mutum. Sai ya ga gwajin da ke nuna yadda cutar ta rikiɗe har ta gagari magani. Ba a yin gwajin a nan. Kai ka yi shi.

Na san ka yi, don na karanta maƙalar binciken da ka wallafa a mujalla. Shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Kwana uku na yi da ƙamus, ba ta gagare ni ba. Shafi na biyar: mara lafiya na goma sha bakwai, namiji, shekara hamsin da huɗu, Sakkwato. Na kai wa likita, ya ce ba zai canja magani bisa jadawalin da ba suna ba. Takarda yake so, mai sunan mijina da sa hannunka. Shafi ɗaya tak.

An ce masana fiye da ɗari uku sun kafa hujja da aikinka. Madalla. Baƙo a Indiya ya san abin da ke cikin jinin mijina, likitansa bai sani ba. Shi kuwa mijin nawa, bawan Allah, da ya ji ka a rediyo, cewa ya yi a ƙara murya. Yanzu a zaune yake salla. Saifarsa ta kumbura, loma uku ya ƙoshi. Har hana ni damunka yake yi, wai ayyuka sun yi maka yawa.

Na gaji, Zayyanu. Na gaji da kiran da ba a ɗauka, na gaji da "gobe in sha Allahu".

Litinin, 20 ga wata, za mu koma asibiti. In takardar ba ta riga mu isa ba, Talata zan kai ƙararka ga mujallar da kuma kwamitin jami'arku mai sa ido kan bincike, haɗe da takardar amincewar da ka ba mu, wadda ta ce za a sanar da mu sakamako. Na gama rubutawa, aikawa ta rage.

Ni na goya ka. Amma ba zan zauna takaba don sunanka ya tsira ba.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka,
Khairiyya