Rigar da Na Hana Ka Tattarewa

Zuwa ga ƙanena Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina fatan an yalwata maka makwanci.

Damina ta sake kawo kai. Duk sanda hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa kwanon ɗakina, ƙarar babur ɗinka nake ji a zaure.

Ka tuna ranar. Za ka wakilce mu ɗaurin aure a bayan gari, sanye da babbar rigar mahaifinmu, wadda aka karɓo daga masu bugu da safe. Ka tattaro hannayenta za ka cusa ƙarƙashin cinya, yadda duk mai babur ke yi. Na daka maka tsawa, wai kada ka ɓata bugun, ka isa gaban mutane kamar wanda ya kwana a buhu. Ka yi dariya ka ce, "Yaya Injiniya, an gama." Ka sake ta.

Ni ne fa na ƙare ƙuruciyata a jami'a ina lissafin yadda iska ke tura abu. Na san ta gefe ce ke kayar da babur, kuma iya faɗin da ta samu, iya ƙarfin turinta. Na san katangun birni na kare ka, amma kana fita Ƙofar Doka za ta same ka a fili. Na kuma ga hadarin a gabas. Takardar da ba ta samo mini aiki ba, ranar ma ba ta tsinana mini komai ba.

Waɗanda suka gani sun ce rigar ta cika da iska, ta ja ka gaban motar itace. Aka ce kwana ne ya ƙare. Na gyaɗa kai, na zauna karɓar gaisuwa. Har Inna ta rasu ban faɗa mata ba.

Garba, ɗanka Nuhu zai yi aure ranar Asabar. Shi ma babur yake hawa, kuma ya roƙi rigar. An wanke ta, an ɗinke yagar.

Zan ba shi. Amma sai na zaunar da shi na faɗa masa wanda ya hana ka tattare ta, ko da daga ranar ba zai sake ce mini Baba ba. Sannan in cusa masa ita ƙarƙashin cinya da hannuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa in same ka ba ka riƙe ni ba.

Yayanka,
Idrisu