Hular Kwanon Ovidio Bertaina

Rafaela, 9 ga Maris, 1999

Zuwa ga Papa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da idanun nan naka masu taurin kai. Kana ɗiga maganin kuwa? Ofelia 'yar'uwata, na san ke ce mai karanta masa. Ki karanta duka, kada ki tsallake inda na zolaye shi.

A teburin kulob ɗin masu babur nake rubutun nan, wani tsoho Don Eusebio yana ta zuba mini labarin Bertaina, gwanin tseren babur, tun ɗazu, bai ma lura na daina saurare ba. Yanzu haka cewa yake, "Malama mai digiri, Bertaina ba ya taka birki a kwana, idonsa kawai yake rufewa." Na kusa da shi ya ce, "Rufa mana baki, kai da ranar kana layin bayan gida." Su biyar ne, kowa ya rantse shi ya ɗaga Bertaina daga ƙasa ranar da ya faɗi a 1957 ya tashi ya ci tseren. Mutum ɗaya ya faɗi, rabin gari ya ɗaga shi.

To ka gyara zama. Hular kwanon Bertaina tana nan. Ba ta ƙone a gobarar gareji ba kamar yadda aka gaya maka. Tana hannun matar marigayin, Doña Nélida, layi huɗu daga inda nake zaune.

Shekara talatin ina yi maka dariya a kan hulunan kwano talatin da ɗaya da ka jera a kabad, ka hana Mama ko ƙura ta kaɗe musu, wai karce da gumi su ne shaidar wanda ya sa. Na yi shekara shida a jami'a ina karatun tarihin zane don in tsere wa warin nan. Amma yau da aka faɗi sunan layin, na miƙe zumbur har na zubar da shayin mate a siket. Ashe ciwon gado ne.

Abu ɗaya ya dame ni. Likitan haƙorin nan na Rosario, Salvatierra, wanda ya riga ka sayen huluna biyu bara, ya zo yana tambayar hular a makon jiya. Gobe da sassafe ina ƙofar Doña Nélida. Sai hular nan ta shiga kabad ɗinka kafin ranar cikarka saba'in.

Ki gaishe da yara, Ofelia.

'Yarka,
Leonor

Rafaela, 10 ga Maris, 1999

Papa,

Ina gaisuwa, da fatan ka kwana lafiya. Ni dai ban karya kirki ba.

Na gan ta. Na riƙe ta da hannuna biyu.

Doña Nélida 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai gida kamar asibiti don tsabta, har sai da na ji kunyar takalmina. Hular tana saman kabad ɗin kicin, ta cika ta da maƙalan shanya. Na fito da hoton jaridar nan naka da gilashin ƙara girma, na bi ta yadda ka koya mini. Karce uku a gefen hagu, na tsakiyar ya karkace kamar ƙugiya. A hoton haka, a hular haka. Lotsawar da ke saman kunne tana nan. Fatar ciki ta yi baƙi da man gashinsa. Tsohuwar tana kallona ta ce, "'Yata, ƙwarƙwata kike nema?"

Tsuntsunka ma yana nan, Papa. Tero, tsuntsun fadamar nan da ka zana masa a goshin hular da burushin rubuta allunan shaguna, ƙafafu dogaye, fuka-fuki a buɗe. A matsayina na mai digiri zan gaya maka gaskiya: wuyan ya yi tsawo, kuma ka lafta fenti kamar mai shafa dulce, madarar nan mai zaƙi, a burodi. Na tsaya ina kallonsa har shayin da ta zuba mini ya huce. Ban gaya mata kai ne mai zanen ba. Na bar wannan sai ranar biki, ka faɗa mata da bakinka a waya.

Ba ta ja magana ba. Na ce mata mahaifina zai cika saba'in, ya yi shekara arba'in yana neman hular nan, za a sa ta a tsakiyar kabad ɗin gilashi kowa ya gani. Ta ce, "A gaban baƙi?" Na ce har da 'yan jarida, wataƙila. Sai ta ce in dawo ran Asabar, tana so ta yi sallama da ita. Na ga hakan ya dace, har na yaba wa kaina da iya magana da tsofaffi.

Ka sa a matsar da hular ɗan Brazil ɗin nan gefe. Tsakiya ta sami mai ita.

Taka,
Leonor

Tashar mota, Rafaela, 13 ga Maris, 1999

Papa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ofelia, ki zaunar da shi tukuna, ki ba shi ruwa.

Na sami hular. Tana kan cinyata yanzu. Ja ce.

Laifina ne. Duk wanda ya girma a gidanmu ya san kalmar farko da ake gaya wa mai hula: kada ki taɓa, kada ki wanke. Ni kuwa na tsaya a kicin ɗin macen da ke goge ƙarƙashin tukunya har ta ga fuskarta, na ce mata baƙi za su gani. Ran Alhamis ta kai wa maƙwabcinta Cacho mai fentin motoci. Ya fesa mata ragowar jan wata a-kori-kura. Tana sheƙi kamar tumatir.

Ta miƙo mini tana murmushi ta ce, "Ba zan bari Ovidio ya shiga gidan mutane da datti ba. Kuma na huta da figaggiyar kazar nan. Shekara arba'in da biyu ina kallonta. Shi kuwa ko tsumma bai yarda in kai kusa ba, wai ita ta tashe shi ranar da ya faɗi." Ka ji ra'ayin masu sharhi a kan aikinka, na biyun ya fi na farkon.

Likitan haƙori ya zo jiya. Ta ce da ya ga hular sai ya nemi kujera, ya zauna, ya tashi ya tafi ko sallama babu. Ta ce, "Mutanen Rosario ba su da tarbiyya."

Na shiga bayan gidanta na yi kuka kaɗan, na wanke fuska, na dawo na yi godiya. Ina ɗaukar hular babban yatsana ya sauka a goshinta, sai na ji tudu. Na sake shafawa. Cacho malalaci ne, Allah ya yi masa albarka, bai sa samfefa ba, a kai kawai ya fesa. Fentin nan naka mai kauri da na raina yana nan a ƙasa. Ido ba ya ganinsa, amma na bi shi da yatsa tun daga baki har ƙafa. Wuyan har yanzu ya yi tsawo.

Na san babu mai tara huluna da zai kalle ta sau biyu. Amma kai rabonka da ganin abin da ke kabad ɗinka shekara uku ke nan, da hannu kake gaisawa da su kowace safiya. Kada ka ce a kankare. Zan biya Santa Fe in ba da darasina, ran Alhamis ina gida. Ka wanke hannu.

Ban gaya mata waye mai kazar ba. Ta saka mini hular a jakar burodi, ta rako ni bakin ƙofa, ta shafa ta sau ɗaya ta ce, "Yanzu ka fito mutum, tsoho." Ta rufe ƙofa a hankali, ni kuma na kamo hanyar tasha, yatsana a cikin jaka.

Ga motar nan ta iso.

'Yarka mai digiri,
Leonor