Zanen Da Na Ciro Daga Murhu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Nasrullahi mai fenti, na nan kusa da rijiyar Kusugu a Daura, ina rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana biyu. Hankalina ɗaya, ba wanda ya sa ni. Ƙirji ne ya ƙi, kai lafiya lau. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, in kun ga kuskure ku yafe.

Ranar Laraba da safe uwarku Barakatu na dama koko, ina bakin ɗaki ina fama da tari, sai na ga babbarku ta cusa takarda cikin tokar murhu. Uwarku ta ce, "Ke, mene ne haka?" Ta ce, "Umma, ɓatacce ne. Hannun Baba na zana, ya fito kamar na tsoho." Da ta tafi makaranta na ja jiki na ciro ta, gefe ɗaya ya ci wuta. Na ɗora hannuna kusa da zanen. Ba kuskure ko ɗaya. Jijiyoyin da suka fito, zoben da ya yi mini yawa, duk ta sa. Kowa a gidan nan cewa yake na ji sauƙi. Takardar nan ce ta gaya mini gaskiya, shi ya sa na aika aka kira Malam Saminu limaminmu.

Na ɗaya. Gida da gonar Sandamu a raba yadda shari'a ta ce. Ba ni da ta cewa a ciki.

Na biyu. Akwatin burushina da fensirorina. Malam ya ce ba a yi wa magaji wasiyya, don haka yau ina raye na ba babbarku shi kyauta. A ƙasan akwatin akwai takardu arba'in da ɗaya da ta yar cikin shekara biyu. Daga shara na tsinto su, kowace na rubuta kwanan wata a baya. Ta jera su a tabarma, ta duba ta farko, ta duba ta ƙarshe.

Shekara goma sha huɗu ina rubuta allunan shaguna, ina zana bayan motocin Kano da Katsina. Abin da na lura, idon mai koyo yana riga hannunsa girma. Wanda bai san komai ba, duk abin da ya zana kyau yake yi masa. Ranar da ya fara ganin aibin aikinsa, ranar ya fara iyawa, shi kuwa sai ya zaci lalacewa yake yi. A nan ake rasa mutane.

Na uku. Baffanku Kalilu, yayana. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Muna koyo ya zana zaki a bayan wata tirela, 'yan tasha suka taru suna kallo, shi kuwa aibin ƙafar baya kawai yake gani. Kafin direba ya dawo daga masallaci ya shafe shi da baƙin fenti. Maigidanmu ya ci gaba da aikinsa. Ni kuma na ce wa Kalilu rago. Bai ƙara taɓa burushi ba, kuma daga gaisuwa ba mu ƙara komai. Na nemi gafararsa yau. Kallon da ya yi wa zakin nan, shi na gani a idon babbarku ranar Laraba, kuma na san inda yake kai mutum. Yaya, na bar maka ita. Ka riƙa duba zanenta, ka gaya mata abin da ba mu gaya maka ba.

Na huɗu. Ikilima, ke ce ƙarama, ke ce mai baki. In yayarki ta ce aikinta ya ɓaci, kada ki taya ta. Ki karɓa ki sa a akwati.

Na biyar, laifina ga babbarku. 'Yar fari ce, kunya ta hana ni kiran sunanta shekara goma sha ɗaya, balle in yabe ta. Takan ajiye zane inda zan gani, in gani in kawar da kai, yadda iyayenmu suka yi mana. Ta ɗauka shiruna hukunci ne. Jiya na kira ta zan yi magana, sai kawai na ce ta kawo mini ruwa. Ban sani ba ko zan samu wata dama, don haka ga shi a rubuce.

Fadila. Hannun nan daidai kika zana shi. Ba zanenki ne ya lalace ba, mai hannun ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kada ƙofar baffanku ta yi muku nisa. Ku yafe mini.

Waɗanda suka ga na rubuta wannan, har da sunan nata: Malam Saminu, da Barakatu wadda ta rufe fuska da mayafi, da Kalilu. Tun azahar na miƙa wa Kalilu takardar nan mai ƙuna, har yanzu bai ajiye ta ba.