Ban ruwa a garkar gari

Litinin, 7 ga Faburairu 1966
Gaisuwa ga Babankatami duka, manya da yara, jakkai da zakaru, daga bakin Gajere sarkin garka! Yau Barmo abokina ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tahi cin rani. Da shi muka ban ruwa: ni in ja wasaki a rijiya, shi ya buɗe ma ruwa hanya cikin hwangali. Maigari ya ce in ban iyawa ni ɗai, za a maida ma mai hili hilinai ya saki awaki. Na ce ni? Ni da rijiya ka rawar jiki in ta ji tahiyata? Hwangali ashirin ne kawai.

Juma'a, 11
In na zuba ruwa, kahin in ruga in buɗe hanya ƙasa ta shanye. In na tsaya ga hanya, babu mai ja. Na ba ganyen salati labarin ban dariya, bai ce komi ba.

Laraba, 16
Hwangali huɗu sun ƙone. Karotin da anka shuka ma yaran lakwal ne, 'yan makarantar boko. Ban gaya ma kowa ba. Wa ma zan gaya ma.

Asabar, 19
Baraka, kakar Barmo, ta zaka neman yakuwa, wai jikarta Indo ba ta cin tuwo sai da ganye. Ta dubi hwangali ta ce, "Mijin banza, garka ta hi ƙarhinka." Na ce, "Tsohuwa, hutu na ba su." Ta ɗauki hauyar Barmo ta ce, "Ja ruwa, ka rage baki." Hauyar ta yi mata nauyi, ta aje, tana tare ruwa da ƙahwa. Kahin azahar sha shiddan duk sun sha. Sau ɗaya ta yi dariya, na ji da kunnena.

Litinin, 21
Ba ta zaka ba. Ban damu ba. Wuyana dai ya yi ciwo da duban hanya.

Talata, 22
Ta zaka, har da Jima ɗiyarta. Maigari ya zagayo, ya ga ganye shar, ya ce garka ta tsaya. Na hwara ce mai ni ɗai na... Baraka ta yi tari. Na ce da ɗan taimako.

Kai mai karanta wanga, in kana da kunya ka aiko min da hauya ƙarama, marar nauyi. Ba ni zan riƙa ta ba.