Mangwaron Hotoro

Al Warsan, Dubai
Yuni 2020

Zuwa ga Yaya Jummai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya Zariya, ya kuma ciwon gwiwar?

Mun fito daga kullen korona da ranmu, amma Yaya, na sha mamaki. Filat ɗin nan da nake ta ɗaukar hotonsa ina tura muku, ashe kwalba ce. Tagoginsa gilashi ne daga sama har ƙasa, babu wadda ake buɗewa. A da ban damu ba, tunda kwana kawai muke yi a ciki. Da aka rufe mu, Baban Khairunnisa ya mayar da teburin cin abinci ofis, ni kuwa na zama 'yar sanda mai hana yarinya motsi. Rannan na same ta a bayan labule tana tonon ƙasar tukunyar fulawa da cokali tana kaiwa baki. Na ɗaga hannu zan make ta, sai kuka ya ƙwace min.

Da aka sassauta dokar kullen muka kai ta gonakin wani ƙauye da ake kira Hatta. Ta cire takalmi ta tsaya a kan ƙasa tana kallon ƙafafunta, da ƙyar muka mayar da ita mota.

Yanzu kowa a nan, Balarabe da Ba'indiye, gida mai fili yake nema, ko baranda, ko ɗakin aiki mai ƙofa. Ni dariya nake musu a zuci, don tsohon gidan da muka saya a Hotoro yana da tsakar gida da ƙaton mangwaro. Aikin maigidan zai ƙare baɗi, khalas in ji Larabawa, shi ke nan mu dawo Kano. Ya riga ya ce wa wanmu, Yaya Zailani, ya gyara gidan yadda zai dace da mu. Kullum sai na ba Khairunnisa labarin mangwaron, har ta ce a ɗaura mata lilo a jiki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Zaituna

Al Warsan, Dubai
Agusta 2021

Yaya Jummai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya damina? Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Yaya Zailani ya turo bidiyon gidan. Wata da watanni yana hana mu gani, wai ba-zata zai yi mana. Wallahi ya yi. Ya zuba dekin a kan tsakar gidan, ya shimfiɗe ta da farin tayil, ta zama falo. Ya cire tagogin katako ya sa gilashin da ba a buɗewa, a Kano, inda wuta sai ta ga dama. Mangwaron kuwa ya sare shi, wai ganye zai ɓata tayil.

Sai da na kalla sau uku kafin na gane abin da nake gani. Filat ɗinmu ne, Yaya. Har kalar labulen. Hotunana ya nuna wa magina ya ce su kwafa, don kada mutanen Dubai su dawo su raina gida. A bidiyon yana ta murmushi, yana shafa bango, duk ya rame saboda zirga-zirga. Godiya kawai na yi masa. Don Allah kada ki yi masa faɗa.

Khairunnisa ta tambaye ni ina bishiyarta. Na ce wayar ce ba ta juya wajen ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙarshen bidiyon ya leƙa bayan kicin, inda ya rage 'yar ƙasa kamar faɗin tabarma, ya ce ranar Asabar za a rufe ta da intalok. A gefen kwata na hango wani ɗan tsiro mai jajayen ganye. Na tsayar da bidiyon na ƙura masa ido. Mangwaro ne, daga ƙwallon da wani ya tsotsa ya yar bara.

Na san gwiwarki, amma ki hau mota ki riga masu aikin isa. Ki kewaye shi da bulo, ki ce ke kike so.

Taki har kullum,
Zaituna